Ranar Gwajin Miyar Yakuwa

Miyar ta ƙone. Nazira na buɗe tukunya ƙauri ya doke ta. Yau ne Madam Zenaba, mai gidan abincin da Nazira ke koyon girki a Garwa, za ta ɗanɗana miyarta ta yanke hukunci: ko ta zama kuku, ko ta koma yankan albasa.

Ta waiga, ba kowa. Can gefe ga wata tukunya cike da miyar yakuwa da kifi. Ta ɗauka ta Youssouf ce, babban kuku. Ta yi wuf ta cika kwano.

Madam ta shigo, ma'aikata na biye. Ta kai cokali baki, ta yatsine fuska.

"Subhanallahi! Gishiri ya yi yawa, tsami har kunne, kifin ya dagargaje. Wanda ya dafa wannan, ko ruwan shayi kada a bar shi ya tafasa!"

Nazira ta ga za ta sha hukuncin girkin wani.

"Madam, ki yi haƙuri, ba ni na dafa ba. Tawa ta ƙone, na ɗebo a waccan tukunyar."

Youssouf ya sunkuyar da kai, yana danne dariya.

"Madam," ya ce a hankali, "ai taki ce. Wadda kika dafa wa baƙin Marwa da safe."

Madam ta dubi tukunyar, ta sake ɗanɗanawa, ta daɗe tana juya harshe. Sannan ta ɗaga cokalin sama.

"Wane shashasha ne ya wanke cokalin nan?"