Ciyawar Farko a Fako

Mati, Larai, Gambo, ku zo ku zauna. Na ji gardamarku a kan fakon ubanku da kuka gyara. Mati yana so ya saki awakinsa su ci sabuwar ciyawa, ku biyu kun ce sam. To, ku ji wani misali.

Wani manomi ne ya gaji fako, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, in an yi ruwa sai ya bi ta kanta ya wuce. Da rani ya ɗauki diga ya yi ta haƙa ramuka masu siffar rabin wata, yana tada kunya a bakin kowanne don ta tare ruwa. Hannunsa ya yi kanta. Ya sayar da ragonsa ya ɗauki 'yan ƙwadago, matarsa ta yi ta jido taki a ka. Ya watsa irin gamba, ya binne 'ya'yan gawo. Ruwan farko ya sauka, ramuka suka riƙe shi, tsiro ya fito kore shar.

A daidai lokacin harawarsa ta ƙare, gonakin gari duk an shuka, ba wurin kiwo. Awakinsa na kuka a turke, haƙarƙari a waje, mai shayarwar cikinsu nononta ya ƙafe. Kada ku ce wawa ne. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda kukan dabba mai yunwa yake cin rai. Ya ce wa kansa yau kaɗai, ya kwance su. Akuya kuwa ba ta san yau kaɗai ba. Suka tumɓuke ciyawar tun ba ta kafa saiwa ba, suka gwaguye kan gawo, kofato ya rushe kunyoyin. Da marka ta zo ba abin da zai tare ruwa, ya kwashe takin ya zuba a rafi. Wani ranin sai ga bawan Allah da digarsa a wuri guda, ba rago, ƙarfi kuma ya ragu. Shi ya sa Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.

Kai Mati, awaki su zauna a turke sai ciyawa ta zubar da iri. Ku kuma masu hani, hani ba ya cika cikin akuya. Kowannenku ya riƙa kai dusa gidan Mati har kaka. Ku daidaita wannan tsakaninku, kada in ƙara jin sa a bakin maƙwabta.