Muryar da Ba Mu Binne Ba

Baƙuwar ta kunna na'urarta a bakin daji, sai kukan ɗan tsuntsunmu ya tashi daga cikinta.

Daga birnin Kalkata na Indiya ta zo. Wai masana sun gano jinsinsa daban ne, kuma duk duniya babu shi sai a tsibirinmu na Nikoba. In macen ta ji kukan namijin, za ta fito.

"'Yar nan, kin makara," in ji Inna, tana fasa kwakwa da adda. "Tun da ruwan teku ya hau tudu ba mu ƙara jinsa ba."

Baƙuwar ta ce, "Tsohon sauti ne da aka ɗauka a nan, Inna. Mu dai gwada."

Muka jira. Ko ganye bai motsa ba.

Kukan ya ƙare, na'urar ba ta tsaya ba. Aka yi tari, muryar namiji ta raɗa, "Ga shi can, kar ki motsa."

Baba ne. Shi ya raka wadda ta ɗauki sautin, kafin ruwan ya tafi da shi.

A wurinmu ba a ambaton sunan mamaci, kayansa ma binnewa muke yi. Shekara da shekaru Inna ta kiyaye.

Ta saki addar, ta nufi na'urar, tana kiran sunansa.