Bindigar da Ke Kaucewa Hagu

Ranar da gwamnati ta ce a miƙa bindigogi masu sarrafa kansu, ɗanta ya jera na marigayi mijinta a bayan mota.

"Mama, ƙaramar nan ta zomaye ba ta kuskure. Babbar ta aladun daji kuwa kullum hagu take kaucewa. Me Baba ya gani a jikinta?"

Ta shafa katakon bindigar, idonta na can bakin rafi. Ta tuno wata safiya mai hazo, dabbobin kangaru na shawagi kamar a mafarki. Tana budurwa ta sunkuya cikin ciyawa tana neman ɗan ragonta, harsashi ya wuce ta gefen kunnenta, wani saurayi da ya zaci kangaru ce ya rugo da bindigar nan a hannu yana kuka.

"Da ta iya saiti," ta ce, "da ba a haife ka ba."