XO a Kasuwar Dira

Shekara biyu Rahina tana rufe wa Almustafa direba saƙo da XO, alamar sumba da runguma da ta tsinta a waƙoƙin 'ya'yan gidan da take aiki. A rubuce ya sha runguma. A zahiri ko hannunta bai taɓa riƙewa ba.

Da la'asar suka haɗu a kasuwar Dira, can ƙasar da suka je aikatau, taku biyu tsakaninsu.

"Kafil, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya sallame ni, Malam. Jibi sai Maraɗi, ba dawowa."

"Maganar aurenmu fa?"

Ta sunkuya kan wayarta. Tasa ta yi ƙara a aljihu, bai ko ciro ta ba.

"Yau ma a rubuce, Rahina?"

"Adana saƙon dai," in ji ta, tana kallon gefe. "Da iƙamata, takardar izinin zamana, aka yi wa layin wayata rajista. Ina tashi za a rufe shi."