Wayar da Ta Tare Hanyar Skelbeck

Masu ba da labarin nan sukan fara da cewa Wilf Kearton mugun manomi ne. Wannan kuskure ne. Daga hanya ake farawa.

Tsohuwar hanya ce ta masu ƙafa da mahaya doki, ta ratsa makiyayar tumakin Wilf ta gangara rafi. Doka ta ba kowa ikon bin ta, amma mutanen Skelbeck sun fi son mota, har ciyawa ta cinye ta. Da bazara majalisar gunduma ta sanar cewa za ta soke ta, tunda ba mai buƙata. Hilda Raistrick, tsohuwar ungozomar garin, ta kira taron ceto. Ita da kujeru suka yi zaman.

Ba a jima ba aka wayi gari an nannaɗe ƙofar hanyar da waya mai ƙaya, ga allo: AN HANA WUCEWA.

Ɗan Skelbeck zai shekara bai taka wuri ba, amma kada ka ce masa ba shi da ikon takawa. Ran Lahadi bayan coci gari ya fito da takalman taɓo da karnuka da fulas ɗin shayi, limamin coci a kan dokin aro. Hilda ce gaba, da safar hannu duk da zafin rana. Doka ta yarda matafiyi ya kau da abin da ya tare shi daidai wucewarsa. Hilda ba ta ko laluba bakin wayar ba, ta warware ta.

"Wilf, tsofai-tsofai da kai ba kunya?" in ji Dennis mai kanti. "Kakana ya bi nan tun ba a haifi ubanka ba!"

"Kai fa, sarkin tumbi?" in ji Wilf. "Tafiyarka ta taɓa wuce bakin firji? Ni ko shingena ban samu na gyara ba, balle in ɗaura muku waya!"

Ba wanda ya yarda da shi. Duk sanda fushin gari ya fara hucewa sai wayar ta dawo, jama'a su ƙaru. Kafin kaka hanya ta fito fes kamar tsagar kitso. Jami'in majalisa ya zo, ya ga sawu, ya janye batun sokewa.

Saboda haka in kun bi ta nan, ku rufe ƙofa saboda tumaki, ku kuma gaida Wilf da ladabi. Bai taɓa ɗaura waya ba: Hilda ce ke ɗaurawa ran Asabar, ta kwance ran Lahadi.