Tururuwa a Gidan Kawu Ila

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, Kaka ta ja ni daga Tsibiri zuwa Maraɗi neman hatsi a gidan benen ɗan wanta, Kawu Ila. Ɗakunan baƙi duk an garƙame su da kwaɗo.

"Wallahi Gwaggo, ba komai ciki sai kujeru," in ji shi. "Mu ma saye muke."

Kaka ba ta dube shi ba. Ƙasa take kallo, inda tururuwa ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, kowace da ƙwayar hatsi a baki.

"Tashi mu tafi," ta ce mini. "Kar ki taka su, su dai sun samu."

Har yau in na shiga babban gida, ƙarƙashin ƙofofi nake fara dubawa.