Jirgin Tsoho Mai Fito

Goggo Tabawa ce ta fara ba ni wannan tun ina amarya a Yawuri, yau ga shi na miƙa miki.

Wani tsoho ne mai fito a bakin kogi. Abin sana'arsa gungumen maɗaci ne da aka fafe, ya sha faci har ya gaji, amma shi kullum "jirgina" yake ce masa, yadda kowa a garin ke faɗa. Yana da 'ya da aure ya kai Ikko, inda ta ga jiragen da ke haɗiye motoci ko gezau ba su yi. Wata shekara ta zo ganin gida da ƙannen mijinta mata, an sha ado. Tsoho ya taso bakinsa har kunne, ya shimfiɗa musu buzunsa na salla kada zannuwansu su jiƙe, ya ce su shigo jirgi. Baƙin suka dubi juna. Ita kuwa, gudun kada dariyar ta haɗa da ita, sai ta riga su: "Haba Baba, wannan ɗan akushin ne jirgi? Ka dai ce kwale-kwale." Tsoho ya kafa gora ya tura.

A tsakiyar ruwa, wata tsohuwa mai daddawa da ke kwarfar ruwa da ƙoƙo ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba: "'Yar nan, inda kika ɗora takalmin nan, nan uwarki ta durƙusa ta haife ki, ana hanyar kai ta wurin ungozoma. Ni na yanke miki cibi. Ubanki yana tuƙi yana hawaye." 'Yar ta ji kamar ta nitse. Amma abin da ya fi ƙona mata rai sai da aka kai gaɓa, ta ji uban ya ce wa abokin aikinsa, murya ƙasa-ƙasa, "Riƙe min kwale-kwalen nan." Kalmar da bai taɓa faɗa ba tunda take.

Washegari ta riga shi zuwa bakin kogi, ba takalmi, ta tattare zani ta kwarfe ruwan tas. Da ya iso ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana. Na kwarfe maka jirgi."

Ke dai ki riƙe: ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.